Layin da Anti Ta Soke da Jan Biro

Mama, ina gaishe ki da aiki. Don Allah ki taimake ni, kuma da wuri, domin akwai abin da na shirya yi nan da mako biyu, in na yi shi kuma ba ya gyaruwa. Ban taɓa rubuta wa jarida ba. Ko a gida ba ni da yawan magana, in baƙi suka zo ɗaki nake shigewa. Ki yi haƙuri in wasiƙar ta yi tsawo.

Shekarata goma sha biyar. Na gama firamare, na taɓa aji ɗaya a gaba, sai karatun ya tsaya. Ummata tana sayar da gwanjon kayan yara a ƙofar gida. Wata rana na rubuta mata a jikin kwali: "Mai rigar ne ya girma, rigar ba ta tsufa ba." Wata ƙawarta ta zo ta gani, ta karanta har sau biyu, ta tambayi wanda ya rubuta. Ita sana'arta ke nan, rubuta wa masu shaguna talla, na takarda da na allo da na rediyo. Ta roƙi Umma ta bar ni in riƙa binta wurin taronsu. Muna kiranta Anti Jan Biro, saboda ba ta rabuwa da jan biro, kuma duk takardar da ta bi ta hannunta sai ta fito kamar an yanka kaza a kai.

Ƙungiyar ta masu rubuta talla ce, mu kusan ashirin. Duk Asabar muna haɗuwa a ɗakin baya na wani shagon buga takardu, inda warin tawada ba ya fita. Ni ce ƙarama. Ina zama a kan kwalin takardu kusa da ƙofa, ina rubuta duk abin da aka faɗa. Mama, wannan ɗakin shi ne makarantata, ba ni da wata.

A wata na biyu aka ba ni aikina na farko ni kaɗai. Wani dattijo ne mai gyaran zif ɗin jaka a kasuwa. Kwana huɗu na yi a kai. Na rubuta: "Jakarki ba ta mutu ba, bakinta ne kawai ya ƙi rufuwa. Kawo ta." A ƙasa na sa: "Shago na uku bayan famfon kasuwa, mai koriyar ƙofa." Na kai wa Anti ta duba. Ta yi dariya, ta ce na iya. Sai ta ja jan layi a kan maganar shagon, ta ce talla mai ƙarfi a kan "kawo ta" yake tsayawa, kada in ɓata shi da famfo da ƙofa, mai buga takardu zai sa adireshin a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Ni na kai takardar wurin bugu. Na tsaya a gaban mutumin, na so in tuna masa maganar adireshin, amma yana ta faɗa da injinsa, bakina ya yi nauyi. Na ce a raina ai Anti ta gaya masa. Aka buga ɗari biyar, aka raba. Mutane suka yi ta dariya suna maimaita maganar, amma ko mutum ɗaya bai je wurin dattijon ba, don babu wanda ya san inda yake.

A ƙarshen kowace shekara muna taro biyu. Na farko na waiwaye ne. Ana ɗaura igiyar shanya daga taga zuwa ƙofa, a maƙala tallace-tallacen da suka ci a gefe ɗaya, waɗanda suka faɗi a ɗaya gefen, a bi su ɗaya bayan ɗaya a ga me ya faru. Doka ce ba a faɗin sunan mai tallan da ya faɗi. Shugabanmu, wani dattijo da ya daɗe yana rubuta tallan rediyo, yana maimaita dokar kafin a fara. Taro na biyu na buri ne, kowa ya miƙe ya karanta abin da yake so ya cim ma a shekara mai zuwa, a kuma zaɓi wanda zai riƙa koyar da sababbi.

Ranar waiwaye da aka zo kan tallan zif, wani ya tambaya yaya aka yi marubuci ya manta da adireshi. Na sunkuyar da kai ina jiran a wuce. Sai Anti ta juyo, ta nuna ni da jan biron nan nata, tana murmushi, ta ce a yi wa 'yarta uzuri, yarinta ce, ta iya gina ɗaki amma ta manta da ƙofa. Ɗakin ya ɗauki dariya. Shugaba ya ɗan yi gyaran murya, amma shi ma na ga kafaɗarsa tana rawa. Daga ranar sunana ya koma "Kawo Ta Ina". A ɗakin, a guruf ɗinmu na waya, har mai buga takardun da bai sa adireshin ba yana kirana haka. Na rubuta abin da aka faɗa a kan talla na gaba, kamar babu abin da ya faru.

Mama, takardar tana wurina. Ta ainihi, da rubutuna, da jan layinta a kan adireshin, har da 'yar alamar da take yi a gefe in ta gama dubawa. Ina ajiye da ita cikin littafina na aji shida. Kullum sai na ɗauko na kalla.

Ga abin da na shirya. Na rubuta mata talla, ita kanta. Ban taɓa rubuta abin da ya zo mini da sauƙi haka ba. Ga kaɗan daga ciki: "Aikinku ya yi kyau fiye da kima? Ku kawo wa Anti. Tana yankawa, tana mantawa, kuma kyauta take samo muku yarinyar da za a ɗora wa laifi." Zan ɗauki hoton takardar, in haɗa da wannan, in tura guruf da wayar Umma da safiyar ranar buri, kafin a zauna. Ita ake shirin zaɓa ta koyar da sababbi, kowa ya sani, har ta ɗinka sabon kaya. Ina so ta shigo ɗakin ta tarar kowa ya riga ya karanta. Ina so ta nemi inda za ta sa idonta ta rasa. Ina so su sa mata suna ita ma, wanda zai bi ta har kasuwa. A takardar burin da zan karanta na rubuta wai ina so in koyi buga rubutu a kwamfuta, amma ƙarya ne. Burina na shekara mai zuwa shi ne kada kowa ya sake miƙa mata takarda ba tare da ya tuna ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, har yanzu tana zuwa gidanmu. Shekaranjiya ta zo, Umma ta sa na kai mata ruwa, ta shafa kaina ta ce 'yarta ta rame. Ban gaya wa Umma komai ba. Na san ita ta kai ni wurin, na san ta koya mini abubuwa da yawa. Amma in na tuna yadda ta nuna ni da biron nan, sai in ji ko haƙurinta ba na so, fuskarta kawai nake so in gani. In tura, ko kada in tura? In ban tura ba, haka zan zauna da wannan sunan?

Taki,
Mai zama kusa da ƙofa


'Yata,

Kada ki tura. Amma kada ki yi shiru. Tsakanin biyun akwai hanya, ita nake so ki bi.

An zalunce ki, ba zan rage miki wannan ba. Anti ta karya dokar taro, ta kuma ɗora miki abin da hannunta ya yi, a gaban mutane, tana sane da cewa ba ki iya mayar da magana. Shugabanku ma ya gaza a ranar, domin doka ba ta tsayawa da gyaran murya. Fushinki yana kan hanya.

Sai dai akwai abu biyu da nake so ki duba. Na farko, watanni da dama ke nan da ta ja layin, kuma mace ce da takardu da yawa suke bi ta hannunta. Mai yiwuwa ta tuna sarai ta ji tsoron zaɓe, mai yiwuwa kuma ta manta. Ni ban sani ba, ke ma ba ki sani ba, don ba ki tambaye ta ba. Na biyu, da bakinki kika ce kin tsaya gaban mai buga takardu, kin tuna da adireshin, kika haɗiye maganar. Wannan kasonki ne. Ƙarami ne kusa da nata, amma in kika tura hoton nan, shi za a fara tambayarki: wa ya kai takardar wurin bugu?

Tallan da kika rubuta mata na karanta, na yi dariya, kuma dariyar ce ta tsorata ni. Kin fi ni sanin cewa magana mai daɗi ba ta zama inda aka ajiye ta. Ba a kan mutum ashirin za ta tsaya ba. Za ta kai wurin masu shaguna, su ce yarinyar ta iya, amma wa zai buɗe mata cikin shagonsa? Daga lambar mahaifiyarki kuma za ta fita, matar da ba ta san komai ba ta wayi gari ta rasa ƙawa. Ke kuma da kika ce ɗakin nan ne makarantarki, ki sani cewa za a manta da jan layi a kama maganar rashin kunyar yarinya. Kina da gaskiya a hannu, kada ki sayar da ita don dariyar safiya ɗaya.

Ki fara da Ummanki, yau ɗin nan. Ki nuna mata takardar. Sannan ki yi kwafinta, ki ajiye ta ainihin, ki kai wa Anti kwafin a gida, ba a ɗakin taro ba. In bakinki zai yi nauyi, rubuta mata, ai nan ƙarfinki yake. Layi huɗu sun isa: ga abin da ya faru, ga kasona, ga abin da na ji, ga abin da nake roƙo. Ki roƙi abu ɗaya tak, ta gyara maganar a gaban waɗanda ta faɗe ta, kafin zaɓe. In ta yi, kin sami abin da hoto ba zai ba ki ba, kuma kin san wace ce ita. In ta ƙi, ko ta mayar da abin wasa, ki je wurin shugaba tare da Ummanki, ki miƙa masa takardar, ki ce kina neman a yi aiki da dokar da shi ya karanta. Wanda zai koyar da sababbi, haƙƙin ƙungiya ne ta san yadda yake riƙe ƙananan. Wannan ba ramuwa ba ce, kuma ba za ki ji kunyarsa ba ko bayan shekara goma.

Akwai mutum ɗaya da duk rigimar nan ta manta da shi, dattijon mai zif. Shi ne ya zauna yana jiran mutanen da ba su zo ba. Ki je ki gaishe shi, ki ga ko akwai ragowar takardun da za a cike musu abin da ya ɓace, ko da biro ne.

Game da ranar buri, ki yage waccan takardar ta ƙarya, ki kuma daina ba Anti shekararki guda. Ki koyi kwamfutar, yana da kyau. Ki tambayi Umma hanyar komawa aji, ko na yamma ne. Amma burin da nake so ki miƙe ki karanta da muryarki shi ne: babu takardar da za ta sake shiga inji ban duba ta ba, kuma in na ga kuskure zan faɗa, ko a gaban wa. Muryarki za ta yi rawa. Ki bar ta ta yi, ki kai ƙarshen layin.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya sa albarka a hannunki, ya ba ki shekarar da za ki waiwaya ki ji daɗi.

Mamanki ta wannan fili