Jinin Shanu Cikin Hirizar Inna

Salamu alaikum 'yan gida. Admin ka sakaya sunana, rabin Gummi sun san mashin ɗina. Don Allah ku ba ni shawara, an jawo ni cikin maganar da ba tawa ba. Ni da boko mun rabu lahiya tun aji ukku, ina kabu-kabuna, amma yau ga ni tsundum cikin binciken jami'a.

Akwai ɗan wan Inna, muna ce mai Dakta ko da bai gama ba, shina karatun likitan dabbobi a wata jami'a. Yaz zo yac ce in kai shi wata ruga wajen Zugu, shanu na ta mutuwa, za ya ɗebi jininsu don bincikenshi. Nik kai shi, har ƙaho nir riƙe mai. Da munka dawo sai yan naɗe 'yan kwalaben cikin baƙar leda, yat tura ƙasan hirizar Inna, inda taka sanya zoɓo da kunun aya na saidawa. Wai zuwa jibi. Jibin ta wuce, har Juma'a ta zo ta wuce, leda na nan.

Nit tambaye shi, ku babu hiriza a lab, ɗakin bincikenku? Yac ce akwai, amma kwamitin da ka duba irin wanga abu bai amince ba tukuna, malaminshi yac ce ya aje gida, in an amince sai ya kai awa yanzu anka ɗebo. Nan hankalina ya ƙi kwanciya. Abin da jami'a ba ta yarda ya shiga ɗakinta ba, shi ad daidai da zama gefen zoɓon 'yan firamare? Kuma duk sadda malamin ga ya kira, Dakta sai ya sulale zaure shina magana ƙasa-ƙasa.

Inna ba ta sani ba, ta ɗauka maganin allura ne. In na hwaɗa mata, kwata za ta watsa shi, awaki su bi ta kai, karatun Dakta ya lalace, dangi su ce hassada nika yi. In na yi shiru yaro guda ya kwanta, sana'ar Inna ta mutu, kuma ni niɗ ɗauko abin bisa mashin. In kai maganar asibitin dabbobi, ko in ba shi wa'adi ya kwashe kayanshi? Masu aikin lab ku gaya man gaskiya, jinin ga na iya cutar da mutum ko ni ka ruɗa kaina?

Jiya mun sha gardama da shi. Ya dage kwalaben a ruhe suke gam, jahilci ne ka damuna. Shina hwaɗa shina zura safar hannu don za ya duba ledar. Nic ce, Dakta, kai ka sa ma hannunka riga, su yaran wa za ya sa ma cikinsu?