Hayaƙin Gidan Hilkka

Litinin, 6 ga Oktoba
Sirpa ta kira daga Kuopio. Wai ko in yarda a sa na'urar ɗumama gida, ko in koma birni wurinta kafin ƙanƙara ta sauka. "Mama, kina shekara saba'in da takwas kina ɗaukar itace? Ranar da kika zame wa zai gani?" 'Yar da na haifa ke ba ni wa'adi!

Alhamis, 9 ga Oktoba
Mai na'urar ya zo. Wai daga iskar waje take zuƙo zafi, ko ana tsananin sanyi. Yuro dubu biyu da ɗari huɗu, sai ta shekara tara za ta mayar da kuɗinta. Na ce, "Ɗan nan, dube ni da kyau. Tara?" Ya sunkuyar da kai. Riba babu, amma ba zan bar gidan nan ba. Na sa hannu.

Asabar, 1 ga Nuwamba
Mafarkin mijina Tauno nake ta yi, yana tafe kan tafki da rungumar itace, bai gane ya rasu ba. Ina kewarsa.

Talata, 18 ga Nuwamba
An kafa na'urar. Tana numfashi a bango kamar mage mai barci. Na wuni a kujera ina kallon dusar ƙanƙara, ɗumi na zuwa ban san daga ina ba. Ko murhu ban taɓa ba.

Laraba, 19 ga Nuwamba
Abin kunya! Ina gyangyaɗi da hantsi sai ga Urpo, maƙwabcina na tsallaken tafki, ya banko ƙofa ba ko hula, yana haki. Ashe tun rasuwar Tauno kowace safiya yake duba bututun hayaƙin gidana, in ya ga hayaƙi ya san na tashi. Yau bai gani ba.
"Hilkka! Ashe kina raye?"
"To ka yi haƙuri, na ɓata maka tafiya."
Na zuba masa kofi. Shekara shida, ban sani ba. Ya ce in riƙa ƙona ko ƙirare biyu ne, don hankalinsa ya kwanta. Na ce to.

Lahadi, 30 ga Nuwamba
Yau ma na manta ban hura wuta ba. Kwana goma sha ɗaya ke nan ina mantawa. Tsufa ne. Ga Urpo can ya taso kan hanya, wannan karon da hularsa. Bari in ciro burodin da nake gasa mana a tanderun lantarki, kada ya ƙone.