Jirgin da Ba Ya Zuwa Ran Juma'a

Talata da dare, Fabrairu 2007, Guangzhou

Na gaji da mutane. Shekara biyar ina loda wa 'yan Kano kaya a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, ba mai nemana sai in kwantenarsa ta maƙale. Yanzu an rufe kasuwanni don bikin sabuwar shekarar Sinawa, na ce bari in ɓace kwana biyu.

Chen direbanmu ya ce kawunsa na ba da hayar ɗakin katako a wani tsibiri, daji a baya, teku a gaba, ba a isa sai da jirgin ruwa. Ya nuna min hoto, wallahi ya kwanta min.

Na ce, "Yaushe jirgin ke komawa?"

"Ya kai ka Laraba, ya ɗauko ka Lahadi."

"Juma'a fa?"

Ya girgiza kai. "Meiyou," wato babu. Ya ce ai Allah na ko'ina, in yi sallata can. Bai yi ƙarya ba, kuma alheri ya nufe ni da shi. Ni ma na san Juma'a ba ta hau kan matafiyi ba. Amma na ce a bari.

Ba sallar kaɗai ba ce. In an idar, Alhaji Sabo, ɗaya daga cikin waɗanda nake loda wa kaya, zai kama hannuna ya ce, "Malam Habu, ya labarin gida? To, ina maganar kayana?" Na san tambayar farko share fage ce. Sai dai duk mako shi kaɗai ke yi min ita, kuma yakan tsaya har in amsa.