Jan Ƙyallen Kafinta

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar nan taka?

Ruwa ya ci unguwarmu. Ambaliya huɗu na gani a rayuwata, ina iya faɗa maka wanda ya rasu a kowacce, amma ban taɓa ganin tsari irin na bana ba. An kwashe mu zuwa makaranta. Wata malamar asibiti, sa'ar jikata, tana bi tana ɗaura wa mutane ƙyalle a hannu. Mai ja a shiga da shi wurin likita nan take, mai kore ya jira. Matata ta karye a hannu, tana ta ihu, aka ba ta kore. Kafintan layinmu yana kwance shiru kamar mai barci, wai shi ne ja! Na ce a duba furfura, yarinyar ta ce numfashi da bugun jini take dubawa, ba shekaru ba. Ka san ni. Na yi dabarata, kafin azahar an ɗaure karayar.

Ka gaida yara.
Yayanka.

Ƙanena,

Ina gaisuwa, da fatan kun fi ni lafiya. Kwana uku abinci ya ƙi shiga.

Ga dabarar da na yi. Kwance ƙyallen kafinta na yi na ɗaura wa matata, shi na ɗaura masa koren. Ashe katanga ce ta danne shi, jini yana zuba a cikinsa. Shirun nan ba barci ba ne. Da malamar ta sake zagayowa, don ashe ba sau ɗaya suke dubawa ba, ta taɓa wuyansa, ta kalli ƙyallen, ta kalle ni. Ta sa aka ruga da shi. An yi masa aiki, har yau bai farfaɗo ba.

A unguwa kuwa ita ake zagi, wai ta ba mai mutuwa kore. Ni da ake zuwa jin kowane labari daga bakina, an tambaye ni, na ce ban gani ba.

Ka san ban iya rubutu ba. Yau da gangan na zo shagon tela, wan kafintan, na ce shi zai rubuta mini wannan. Sau biyu yana ajiye biro. Bai ɗago ya dube ni ba, ya dai ce in ƙarasa, mu tafi wurin malamar tare.

Ka yi wa kafinta addu'a. Tawa ka bari sai na dawo.

Yayanka mai taurin kai.