Zoben da Aka Yi wa Bishiyoyin Baba

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali. Inna na nan tana fama da gwiwarta, yara kuma lafiya lau. Sauran labarin ba daɗi, ka samu wuri ka zauna.

Ranar Talata Baba ya shiga lambu ya tarar an zagaye gindin bishiyoyin lemonsa da wuƙa, an ɓare ɓawon faɗin tafin hannu, kowace da zobenta fari fat. Ka san Baba da zuciya. Bai tambayi kowa ba, ya suri adda ya nufi maƙwabcinmu mai tumaki, wanda suke rigimar iyaka, ya sare shi a kafaɗa har ƙashi ya fito. 'Ya'yan mutumin suka yi wa Baba taron dangi da sanduna, suka fasa masa kai, suka zubar masa da haƙora. Yanzu maƙwabcin na asibiti, Baba na hannun 'yan sanda, ƙannenmu kuwa wasa adda suke a tsakar gida, suna rantsuwa sai sun ƙone garken.

Malamin gona ya ce bishiyoyin sun tafi, kada koren ganye ya ruɗe mu. Wai ruwa ta cikin itacen yake hawa, amma zaƙin da ganye ke haɗawa ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka ya ciyar da saiwa. Tunda an datse hanyar, yunwa za ta kashe saiwar.

Yaya, ba maƙwabcin ba ne, maigidana ne. Ya ji an ce in aka yi wa reshe siririn zobe, zaƙin kan taru a sama, lemo ya yi girma ya yi daɗi. Shi da shegen gwaninta sai ya yi wa gindi, wai zai burge surukinsa. Garin gyaran gira an rasa ido. Jiya ya faɗa mini yana kuka, wallahi kamar in shaƙe shi.

In na yi shiru, za a ƙone dukiyar wanda bai ji ba bai gani ba. In na faɗa, addunan nan kan uban 'ya'yana za su juyo. Kai kaɗai suke jin maganarka. Ka bar komai ka taho, bakina ba zai kai Juma'a a rufe ba.

Ka gaida amarya da 'yarku Uwani da ɗan lukutinku.

Ƙanwarka, mai kai wa Baba abinci inda yake tsare, ta dawo ta zuba wa wanda ya jawo fitinar.