Hayaƙin Gidan Burodina Ya Kori Ƙanena Daga Birnin Kudu

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

Ina da gidan burodi a Birnin Kudu. Da itace ya yi tsada sai na koma zuba tsofaffin tayoyi da leda da baƙin mai a tanderu. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ya karanci harkar lantarki a Kano, da ya dawo na ba shi ɗakin da ke jikin tanderun. A nan yake haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai mai aiki da hasken rana, saboda matan ƙauyen da ba su da wuta. Na farkon ya yi aiki, har daga Kiyako ake zuwa kallo.

Sai tari ya kama shi, ga ciwon kai kullum. Mutumin da ke wuni yana haɗa wayoyin lantarki bai gaji ba, ya koma ya riƙe guda ɗaya ya manta inda za ta shiga. Baƙar toka ta rufe farantin sola, 'yan tsakin da suka fito suna ta mutuwa. Likita ya ce ya nisanci hayaƙi. Ya same ni ya ce, "Yaya, me kuke sawa a wutar nan?" Na dubi idonsa na ce itace ne kawai, warin daga jujin bayan tasha yake tasowa. Har rantsuwa na yi, na kuma ja kunnen ma'aikatana. Me ya sa? Tsoron kar a rufe min wuri ne? Ko kuwa na gaji da jin Inna tana cewa shi ne mai ƙwaƙwalwar gidanmu?

Ya yarda da ni. Da ya rasa inda matsalar take sai ya ɗora wa kansa, ya tattara ya koma Zandam wajen kawunmu yana noma. Tarin ya lafa, amma bai sake taɓa injin ba. Da Sallah na tambaye shi, ya yi murmushi ya ce, "Bar maganar, Yaya. Kaina ne bai kai ba."

Har yau ina ƙona tayar. Garin duk hayaƙi ne, janareta, babura, juji, sai ni kaɗai zan daina, iyalina su ci me? Da wannan nake lallashin kaina, kuma ba ya lallasuwa.

Jiya ya kira ni. Matarsa cikinta ya tsufa, yana so ta zauna a gidana kusa da asibiti har ta sauka, domin ya ce ba shi da wanda ya amince wa kamar ni. Gidan nawa katanga ɗaya ce tsakaninsa da tanderun. Na ce masa ta zo.

Me zan yi?