Malamar da Ta Koyar da Mantuwa

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikana sarkin ƙiriniya. Yaya sabon aikin? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ta saba gardama.

Kin san ni ba gwanin rubutu ba ne. Shekara talatin da biyar ina kwance ƙarƙashin motocin mutane, hannuna bai saba da biro ba. Amma in na ɗauki waya muryata ba za ta kai ƙarshen maganar nan ba, shi ya sa na zauna.

Mamanki ce. Ran Talatar da ta wuce tana aji, ɗalibai sun kusa ɗari biyu, tana darasinta na yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe abu da yadda take sakinsa, darasin da ta shekara ashirin da takwas tana yi. Ta juya za ta yi rubutu a allo, sai ta tsaya cak. Ta ce mini ta ga yaran, ta ga allon, amma ta rasa abin da ya kawo ta wurin. Ta sallame su da sunan ciwon kai.

Da ta dawo ko abinci ba ta kalla ba. Ta miƙo mini takarda, ta ce in karanta mata kalmomi goma sha biyar a hankali, bayan minti ashirin in tambaye ta. Irin gwajin da take tura ɗalibanta su yi wa tsofaffi. Na yi dariya, na ce yau makanike ne zai yi wa Dakta jarrabawa. Huɗu ta kawo. Na ce gajiya ce. Sai ta buɗe wani ɗan littafi ta nuna mini. Ashe wata bakwai ke nan sakatariyar sashensu na yi mata gwajin, ita sakatariyar a zatonta takardar gwajin ake gwadawa. Sha ɗaya, goma, takwas, bakwai, duk ta jera su da kyakkyawan rubutun nan nata.

Mun je asibiti. Likita yana ta kewaye-kewaye, ita ta faɗa masa sunan ciwon, ta kuma faɗa masa abin da zai biyo baya, daki-daki. Bawan Allah sai gyaɗa kai yake yi kamar ɗan aji ɗaya.

Ta ce kada in gaya miki sai ɗalibarta ta ƙarshe ta kare digirinta na uku. Na saɓa mata. In kin kira, kada ki nuna kin sani.

Ki gaishe da mutanen gidan.

Naki,
Babanki.

*

Autata,

Assalamu alaikum. Da fatan zazzaɓin jikana ya sauka. Saƙonki ya iso, kuma na fahimta, ba a ba sabon ma'aikaci hutu sai ya cika wata shida. Kada ki sa wa ranki damuwa, amma kada ki ƙara ko kwana ɗaya a kai.

Ɗalibar ta kare aikinta, ta ci. Ba za ki san abin da hakan ya ci wa Mamanki ba. Shafi ɗari uku a kan yadda masu takaba da marayu ke tuna waɗanda suka rasa. Kowace safiya sai Mamanki ta sake karanta babin jiya, saboda ya riga ya gudu daga kanta. Ta riƙa manna ƙananan takardu a gefe tana rubuta wa kanta: na duba wannan, yana da kyau, wuce. Ranar kariyar na zauna a mota ina jira. Awa uku. Da ta fito ta shiga ta rufe ƙofa, ta ce, "Malam, na sauke." Sai kuka. Rabon da in ga hawayenta tun rasuwar kakarki.

Jiya muka kwashe ofis ɗinta. Kin tuna shi, hawa na biyu, mai tagar da ba ta rufuwa. Shekarun nan duka ina ajiye ta a bakin ginin, a tunanina ilimin halayyar ɗan Adam abu ɗaya ne, karanta zuciyar mutane. Ashe kowace ƙofa da sana'arta. Na kusa da ita yara yake nazari, yadda suke koyon magana da wayo, ofishinsa cike da kayan wasa kamar na mai rainon jarirai. Ta gabansa taron jama'a take bi, me ya sa mutum shi kaɗai mai hankali ne, in ya shiga cikin mutane sai ya yi abin kunya. Akwai mai kula da ma'aikata da gajiyarsu, na ce masa ya makara, da garejina ya fara zuwa. Na ƙarshen layi shi ne mai masu ciwon damuwa. Shi ya ja ni gefe, bai tambayi Mamanki ba, ya ce, "Kai fa, Baba, wa ke duba ka?" Na ce masa kwalin da ke hannuna ya yi nauyi.

Littattafanta ta raba wa ɗalibai, kowa ta rubuta masa sunansa a ciki. Uku daga cikinsu sai da sakatariya ta raɗa mata sunayen.

A hanyar gida ta ce mini, abin da ya fi ba ta tsoro ba mantuwar ba ce, lokacin da za ta daina sanin tana mantawa ne. Ta ce in ya zo, kada in riƙa gyara mata, in bi ta duk inda ta tafi. Na yi alkawari.

Muna jiran ki.

Babanki.

*

Autata, 'yar albarka,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin sauka lafiya, kin tarar da su lafiya. Kin tafi ba mu yi sallama ta kirki ba, kuma na ga idanunki a tasha.

Na san abin da ke cin ki. Kina cewa da kin bar aikin kin taho tun wasiƙata ta farko. Wallahi ko likita bai zaci zai yi saurin nan ba. In da mai laifi, ni ne da na ce ki jira.

Kwana biyar kina gidan ubanki, uwarki na ce miki "baiwar Allah", tana tambayar ki wane fanni kike so ki karanta. Na ga yadda kika daure kika zauna tana yi miki darasi a kan tebur, har kina rubutawa. Na ga kuma sanda kika shige kicin kika buɗe famfo don kada a ji ki. Allah ya yi miki albarka.

Ga abin da ban iya faɗa miki a waya ba. Da na dawo daga raka ki, na tarar da ita tsaye a ƙofar ɗakin da kika kwana. Ta gyara gadon, ta ninke mayafin da kika manta. Ta ce, "Malam, ina yarinyar nan?" Na ce ta koma gida. Ta shiga shafa mayafin. Can ta ce, "Na lura da ita. Tana dariya, amma ba ta cin abinci, kuma duk na ɗago sai in ga tana kallona. Yarinyar nan akwai abin da ta rasa. Ka nemo lambar uwarta, a gaya mata ta jawo ta jiki."

Na ce to, zan nema.

Ta ce, "Kada ka manta fa. Irin wannan ba a barin su su kaɗai."

Mayafin yana wurinta, ta hana in aiko miki.

Ki ci abinci, Auta.

Naki har kullum,
Babanki.